Yadda Za Ka Zaɓi Hannun Kamba Na Baya Bayan Ka Sauke Motarka

Tun da samari suka shiga yayin sauke mota da sa mata manyan rim, tambaya ɗaya ce take ta maimaita kanta a saƙonnin da ake turo mini: "Malam, na sauke motata, yanzu tayoyin baya sun kwanta ciki, gefen ciki kuma yana cinyewa tun taya tana sabuwa. An ce in sayi hannun kamba. Wanne zan saya?" Wasu har hoton tayar suke haɗowa, ta waje lafiya lau, ta ciki kuwa waya ta fara leƙowa. Na ga gara in zauna in amsa gaba ɗaya, daki-daki, bisa tsarin da ya kamata a bi.

Ga wanda bai saba da maganar ba: ka tsaya bayan mota ka dubi tayoyi. Karkatar da saman taya ya yi, ko ciki ko waje, ita ce kamba, kuma da digiri ake auna ta. Idan saman ya kwanta ciki, ana rubuta lambar da alamar debewa, misali −2.0. Yawancin motoci daga kamfani ba su da wurin gyara wannan karkata a baya, shi ya sa ake cire hannun asali a sa wanda ake iya tsawaitawa ko gajartawa. Shi ne hannun kamba.

Mataki na 1: Tabbatar motarka tana karɓarsa

Ba kowace mota ce ake sa wa wannan hannu ba. Ka sunkuya ka leƙa ƙafar baya. Idan ka ga ƙarfe guda ɗaya mai kauri ya ratsa daga wannan taya zuwa waccan, to motarka ba ta da hannun da za a canza. Corolla mai but ta 2003 har zuwa ta 2019 wadda ake kawowa daga Amurka haka take, haka ma Golf 3 da Honda Jazz. Irin waɗannan ko an sauke su kambar baya ba ta canzawa sosai, in kuwa tayar ta kwanta, to ka zargi ƙarfen ya lanƙwashe. Camry daga 2002 zuwa 2017 ita ma hanyarta daban: shokozoba ce take riƙe da saman taya, don haka da bolti na musamman ake gyara kambarta.

Motocin da maganarmu ta shafa su ne masu hannaye da yawa a kowace taya: Accord ta 2003 zuwa 2007 wadda ake ce wa EOD (ta 2006 da 2007 kuma DC), Accord ta 2008 zuwa 2012, Civic ta 2006 zuwa 2011, Lexus IS250, Marsandi C-Class, BMW E46 da makamantansu.

Sai ka gano wane hannu ne yake riƙe da kamba a taka motar, na sama ko na ƙasa. A Civic ɗin da na ambata da EOD, na sama ne: in ka tsawaita shi, saman taya ya miƙe. A BMW E46 na ƙasa ne: gajarta shi ake yi, ƙasan taya ya matso ciki. Wannan bambanci zai yi maka amfani a mataki na 4, ka riƙe shi.

Gargaɗi: suna ɗaya da shekara ɗaya ba sa nufin ƙafa ɗaya. Civic ta 2006 mai but wadda aka yi wa kasuwar Amurka tana da hannaye a baya, amma 'yar guntuwar ta Turai ta wannan shekarar ƙarfe guda ne ya ratsa ta. Accord ta Turai ta 2003 ita ma wata mota ce daban da EOD. A Amurka da sunan Acura TSX aka sayar da ita. Tunda motocinmu ta Kwatano da ta Legas daga ko'ina suke shigowa, ka yi oda da lambar shasi, kada ka tsaya a suna da shekara.

Mataki na 2: Gama saukewar, gyara abin da ya mutu, sannan ka auna

A nan mutane suka fi yin asarar kuɗi, domin suna saye kafin su auna.

Da farko ka tsayar da tsayin da kake so motar ta zauna. Duk lokacin da ka ƙara sauke ta, kamba za ta ƙaru. A yawancin motoci masu hannaye da yawa, saukewar inci ɗaya tana ƙara wajen rabin digiri zuwa digiri ɗaya. Sabon sifirin kuma yana ɗan ƙara zama bayan an fara hawa, saboda haka ka ba shi mako ɗaya ko biyu kana yawo kafin ka ɗauki awo.

Gargaɗi: idan saukewar da aka yi maka ta yanke sifirin ce, ko ta gasa shi da wuta har ya zauna, ka dakata da maganar hannun kamba. Sifirin da aka gasa ya rasa ƙarfinsa, zai ci gaba da zama, kuma da wuya gefe biyu su zo daidai. Duk saitin da aka yi a kansa ba zai daɗe ba. Ka fara da sayen sifirin da aka ƙera don saukewa.

Na biyu, a ɗaga motar a duba bushin, wato robar da ke bakin hannu, na dukkan hannaye, da boris na taya, da shokozoba. Bakanike ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara kowane hannu yana kallon robar. Wadda ta tsage ko ta saki hannunta ta ƙare. Ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza. Tsohon bushin kaɗai yana iya kwantar da taya, haka ma hannun da ya lanƙwashe a rami. Alamar da za ta nuna maka ita ce bambanci tsakanin hagu da dama: saukewa tana kwantar da tayoyin biyu kusan daidai, in kuwa ɗaya tana −1.8 ɗaya tana −3.0, akwai abin da ya lanƙwashe ko ya mutu. Ka nemo shi. Hannu mai saiti zai iya ɓoye wannan lahani a takarda, amma lahanin yana nan a ƙarƙashinka kana gudu.

Na uku, ka shafa tayar da ta cinye da tafin hannu. Wannan ɗan gwaji yana faɗin gaskiya fiye da yadda ake zato. Ka ja hannunka daga gefen waje zuwa ciki, sannan ka dawo da shi. Idan cin ya tafi sumul, zanen yana raguwa a hankali har zuwa gefen ciki, kamar dunduniyar takalmin mai taka gefen ƙafa, wannan aikin kamba ne. Idan kuwa ta wani ɓangaren hannunka ya wuce lafiya, da ka juyo sai ka ji bakin zanen yana kartar ka, to matsalar to-in ce, wato inda tayar ta dosa, ko ta ɗan juya ciki ko waje maimakon ta kalli gaba sak. Na daɗe ina faɗa wa mutane: to-in da ya ɓaci ya fi kamba cin taya nesa ba kusa ba, domin jan tayar ake yi a gicciye a kan kwalta kowace daƙiƙa. Mota mai kamba −2.0 da to-in daidai tana iya daɗewa da tayarta. Idan taka ba ta wuce haka ba, mai yiwuwa alaimen, wato saitin tayoyi, kawai kake buƙata, kuɗin hannu ya zauna a aljihunka.

Na huɗu, ka je wurin masu alaimen na kwamfuta, wanda ake maƙala wa tayoyi huɗu na'ura, ka ce awo kawai kake so, kuma a ba ka takarda ko ka ɗauki hoton allon. Ka nemi layukan da aka rubuta Camber da Toe na baya. Ka lura da yadda injin yake rubutu: wani yana ba da digiri da ɗigo, wani digiri da mintoci. Minti 60 ne digiri ɗaya, don haka 1°30' daidai yake da 1.5, ba 1.3 ba.

In garinku babu irin wannan injin, kana iya samun kimanin lambar a gida. Ka ajiye motar a daɓen siminti mai lebur, ka saki igiya mai nauyi a ƙasa, irin ta magina, ta sauko daf da tsakiyar taya ba tare da ta taɓa ba. Ka auna daga igiya zuwa leɓen rim na sama, sannan zuwa na ƙasa. A rim mai inci 17, bambancin milimita 8 kusan digiri ɗaya ne. Wannan awo ya isa ka san irin hannun da za ka nema, amma bai isa a yi saitin ƙarshe da shi ba.

Mataki na 3: Yanke lambar da kake nema

Kafin ka buɗe shafin kowane mai sayarwa, ka san inda kake da inda za ka. Ga motar hawan yau da kullum, kamba tsakanin −1.0 da −1.5 a baya ta wadatar: motar za ta riƙe kwana da kyau, taya kuma za ta yi ƙarko. Kada ka nemi sifili. Kamfanoni da kansu suna barin ɗan kwanciya a baya don kada bayan mota ya zame a kwana. Mai zuwa filin tsere yana iya kaiwa −2.0 ko −2.5, amma shi ya san taya zai riƙa saye.

Ka yi la'akari da lodi. Idan aka cika bayan mota da mutane da kaya, tana ƙara zama, kamba kuma tana ƙaruwa. Wanda duk Juma'a yake ɗaukar iyali da buhun hatsi a but ya tsaya kusa da −1.0.

Yanzu lissafi. In kana −2.8 kana son −1.3, gyaran digiri ɗaya da rabi kake nema. Kowane hannun kirki ana rubuta iyakar gyaransa, misali daga −3 zuwa +3, kuma ana ƙirgawa ne daga tsayin hannun asali. Ka zaɓi wanda buƙatarka za ta faɗa a tsakiyarsa. Hannun da sai an kwance shi har ƙarshe kafin ya ba ka lambarka bai dace da motarka ba. Akwai kuma hannayen da aka ƙera don ƙara kwantar da taya, na masu son ado, waɗanda kusan duk saitinsu ɓangaren debewa yake. Ka karanta da kyau kada ka sayi irinsu kana neman miƙe taya.

Masu Civic ta 2006 da 2007, ku duba wani abu: Honda da kanta ta gane cewa hannayen sama na farko suna kwantar da tayar baya fiye da kima, ta fito da wasu da aka buga wa harafin C. In motar ba a sauke ta ba, wannan hannu na kamfani yana iya wadatarwa.

Mataki na 4: Duba ko taya za ta taɓa bodi

Wannan ya shafi duk wanda ya sa rim mai faɗi ko mai fitowa waje. Sau da yawa kwanciyar da tayar ta yi ita ce ta sa samanta ya shige ƙarƙashin bodi. Da zarar ka tsawaita hannun sama, saman taya zai fito, kusan santimita ɗaya a kowane digiri. Ka zura yatsu tsakanin kafaɗar taya da leɓen bodi ka ji tazarar. Sannan ka sa mutum uku su zauna a baya ka sake zurawa. In tun yanzu da ƙyar yatsa yake shiga, gyaran digiri biyu zai sa leɓen ya riƙa yankar taya a kowane tudun rage gudu.

Mafita uku ce: a naɗe leɓen bodin ciki, ko ka sa taya mai ƙarancin faɗi, ko ka rage yawan gyaran. Masu hannun ƙasa su duba ta ciki, kada rim ya kusanci shokozoba ko wani hannu.

Mataki na 5: Zaɓi bushin, nan ne zuciyar maganar

Hotunan talla launi suke nuna maka, ja da shuɗi da ruwan gwal. Abin da zai sa ka ji daɗin hannun ko ka yi da-na-sani yana bakinsa biyu, inda yake haɗuwa da mota. Iri uku ne.

Na roba. Wasu kamfanoni suna sa roba irin ta asali, wasu suna ƙara mata tauri. Ba ya ƙara, ba ya neman giris, ƙura ba ta da hanyar shiga tunda babu abin da yake gogar wani. Robar ce take murɗawa ta dawo. Yana shanye bugun rami kafin ya kai ga bodi. Ga wanda yake hawa titunan Kano ko Kaduna ko Zariya kullum, wannan nake ba da shawara, ba na ko tantama.

Na foliyuretan, wanda ake gani ja ko rawaya ko baƙi mai santsi. Ya fi roba tauri, mai da zafi ba sa cin sa da wuri. Sai dai juyawa yake yi a kan bututun ƙarfe, don haka dole sai da giris, kuma irin wanda ya zo da shi, mai yauƙi wanda ruwa ba ya wankewa. In damina ta wanke shi ko ƙura ta busar da shi, sai ka fara jin ƙiƙi-ƙiƙi a kowane gargada. Akwai wata matsala kuma: hannayen baya ba sama da ƙasa kawai suke motsi ba, suna ɗan murɗawa gefe, shi kuwa wannan bushin ba ya son murɗawa, sai ya riƙe ƙafar.

Na ƙwallon ƙarfe, wanda 'yan tsere suke so. Ƙwallo ne a cikin zobe, yana juyawa kowane ɓangare, ba ya lotsawa ko kaɗan, shi ya sa lambar da aka saita ba ta motsi a kwana. A filin tsere babu kamarsa. A titinmu kuwa duk tsakuwar da ka taka za ka ji ta a kujera. Abin da ya fi damuna da shi ƙura ce. Ka duba ƙarƙashin motarka a tsakiyar hunturu ka ga yadda jar ƙura take kwanciya a kowane lungu. Wannan ƙurar in ta shiga tsakanin ƙwallo da zobe sai ta riƙa goge su har a sami rata, daga nan sai ƙwas-ƙwas. In ka nace sai shi, ka sayi wanda aka rufe ƙwallon da hular roba ta kowane gefe, kuma ka tabbatar ana sayar da kan daban don ka canza in ya mutu. Kada a fesa masa baƙin mai ko a cusa masa giris a buɗe, ƙura yake tarawa.

Wasu hannayen roba ne ta ɓangaren bodi, ƙwallo ta ɓangaren taya. Wannan tsaka-tsaki ne mai kyau in ƙwallon a rufe yake. In hannun asali na motarka yana da bol-joyin a bakin waje, ka duba cewa sabon ma ya zo da shi, da hularsa da notinsa.

Mataki na 6: Ƙarfen da yadda ake saita shi

Ko baƙin ƙarfe ne ko alminiyam. Bambancin nauyinsu a hannu ɗaya ba abin da za ka ji ba ne a hanyar ofis. Abin da ya kamata ka sani shi ne halinsu in an daki rami da gudu: ƙarfe yakan lanƙwashe ya kai ka gida, alminiyam marar kyau yakan tsage. Alminiyam na kirki ana rubuta irinsa, 6061-T6 ko 7075. Ƙarfe mai kyau za ka ga an rubuta 4130. Mai sayarwar da ya kasa faɗin da me aka yi kayansa, ka wuce shi. In hannun da za ka canza shi ne yake ɗauke da sifirin ko shokozoba, nauyin mota a kansa yake, kada ka yi wasa da ingancinsa.

Sai tsarin saiti. Wanda ya fi sauƙi yana da gaɓa a tsakiya mai tiredi (zanen da noti yake hawa a kansa) biyu, ɗaya na dama ɗaya na hagu, da notin kulle a kowane gefe. Ana sassauta notocin, a juya gaɓar da sifana, hannun ya tsawaita ko ya gajarta yana ɗaure a mota. Akwai masu araha waɗanda sai an kwance baki ɗaya an juya an mayar kafin a sake aunawa. Mai alaimen zai gaji da kai, ya tsaya a "ya yi kusa". Ka kuma dubi inda gaɓar take: in za ta faɗa a lungun da sifana ba ta shiga, amfaninta ya ragu.

Ka kwatanta siffarsa da ta asali. In na kamfani yana da lanƙwasa, dalili ne ya sa: yana kauce wa bodi, ko salansa, ko sifirin. Miƙaƙƙen hannu a wurin lanƙwasasshe yana iya dukan shasi idan mota ta zauna, balle wadda aka sauke. Ka duba ko akwai 'yar kunnen da ake ɗaure wayar ABS, da ta na'urar da take daidaita hasken fitila a motocin da suke da ita.

Gargaɗi mai girma: kada ka yarda a yanke hannun asali a ƙara masa ƙarfe a yi walda. Na san ana yi, na san kuɗinsa kaɗan ne. Amma wannan hannu shi ne yake hana taya kifewa, kuma yana lanƙwasuwa kaɗan-kaɗan sau dubbai a kowace tafiya. Walda daga gefenta take fara tsagewa, ba tare da ta yi maka sallama ba. Ranar da ta saki kana kan babbar hanya, tayar za ta kwanta nan take.

Mataki na 7: Kuɗi da wurin saye

Tunda kayan waje ne kuma canji ba ya tsayawa wuri ɗaya, da dala zan ba da kimani. Marasa suna da suka cika kasuwannin intanet ana samun biyu a ƙasa da dala 80. Na kamfanonin da aka sani, irin su SPC, Hardrace, Whiteline da Megan Racing, yawanci biyu suna kamawa daga wajen dala 130 zuwa 300, gwargwadon mota. Na tsere zalla suna wuce haka. Araha ba ta ado: matsalar marasa sunan ba a fenti take ba, tana cikin roba mai saurin tsagewa, da tiredi mai sako-sako, da ƙwallon da ba a rufe ba.

Ka karanta ko farashin na guda ɗaya ne ko na biyu. Wasu kamfanoni ɗaiɗai suke sayarwa, mutum ya jira kaya makonni, a buɗe kwali a ga hannu ɗaya.

A lissafinka ka haɗa da kuɗin jigila da na kwastan, da sababbin bolti, da ladan bakanike, da alaimen sau biyu. Ka ware wani abu don hannun to-in ma, bayaninsa yana mataki na 9. Bayan ka tara jimla, ka gwada ta da kuɗin tayoyi biyu na girman rim ɗinka, ka ga sau nawa kake canza su a shekara. Nan za ka san ko sayen ya biya.

A Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, hannun asali ɗan Beljiyam ya fi yawa, mai saiti kuwa sai an dace. In ka samu na hannu, ka juya gaɓar da hannunka daga farko har ƙarshe. In ta cije, ko ka ga tsatsa ta cinye tiredi, ko ƙwallon yana motsi in ka girgiza, ka ajiye musu. Ka tafi da tsohon hannunka ka jera su: faɗin bushin da ramin bolti dole su zo daidai, babu maganar "za a ɗan fafe shi".

Mataki na 8: Ɗaurawa

Kayan aiki: jak, matokaran ƙarfe biyu, sifanu da soket, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, man kwance tsatsa, da man shafa wa tiredi mai hana cijewa. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita.

Tun ana gobe za a yi aikin a fesa wa boltocin man kwance tsatsa. Motocin da suka fito daga wuraren da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, kamar arewacin Amurka da Kanada, boltinsu yakan manne da bututun cikin bushin har sai an yanke. Shi ya sa na ce ka tanadi sababbi, masu ƙarfi irin na asali. Ka duba lambar da ke kan bolti, kamar 10.9, kada a sa maka wanda bai kai ba.

Kafin a ɗaura, a kwance gaɓar gaba ɗaya a shafa wa tiredin mai, musamman in ƙarfe ne yake shiga cikin alminiyam, domin su biyun suna mannewa da juna in ruwa ya shiga. A mayar da kawunan biyu su shiga daidai wa daida, sannan a jera sabon hannu da tsohon, a zura bolti ta ramukansu don tsayinsu ya zama ɗaya. Daga nan za a fara. Tiredin da ya rage a ciki kada ya gaza kaurin sandar sau ɗaya da rabi. In kaurinta milimita 16 ne, a bar aƙalla 24 a ciki. Notin da aka yi wa 'yan tsage a kusurwoyinsa yawanci shi ne na hagu, baibai ake ɗaure shi.

Gargaɗi: bushin roba ba a ƙarasa ɗaure shi mota tana rataye. A sa bolti a ɗan kama, a sauke motar ta zauna a kan tayoyinta a bakin rami, ko a tokare ƙafar da jak har ta ɗauki nauyi, sannan a ɗaure da awon da littafin motar ya faɗa. In aka ɗaure tana sama, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe, cikin 'yan watanni ta tsage, a ce kayan jabu ne alhali ɗaurin ne.

Mataki na 9: Alaimen, a ranar

Daga gareji sai wurin alaimen, a hankali. Taɓa kamba yana canza to-in, kuma 'yan kwanaki da to-in a karkace sun isa su ɓata sabuwar taya. Ka daidaita iska, ka sauke tarkacen but, mai ya kai rabin tanki.

Tsarin aikin: kambar baya tukuna, sai to-in na baya, sannan a koma gaba. Ka ba mai injin lambarka tun farko, domin kwamfutarsa lambar motar da ba a sauke ba ta sani, shi kuma kore, alamar lamba ta yi daidai da ta kamfani, kawai yake nema a allo. Hagu da dama kada su bambanta da fiye da rabin digiri, in an samu ƙasa da haka ya fi. To-in na baya a bar shi yadda kamfani ya ce, wanda yawanci ɗan juyawa ciki ne kaɗan. Tayar baya da ta juya waje tana sa bayan mota rawa a kan gudu, musamman in an taka birki a kwana.

A motar da aka sauke sosai, boltin saitin to-in na asali yakan ƙure bai kai lambar ba. In haka ta faru, hannun to-in mai saiti za ka ƙara. Kada ka yarda a lalata kambar don a samu to-in, ko a ce ka tafi haka.

Wajen kulle noti, a riƙe gaɓar da sifana ɗaya a ɗaure da ɗaya, ana kallon allo, don lambar takan gudu a wannan lokacin. In kan ƙwallo ne, a tabbatar yana tsaye a tsakiya bai jingina gefe ba. Ka karɓi takardar bayan aiki ka adana.

Mataki na 10: Dubawa bayan an fara hawa

Ka sa fenti ko jan farce ka ja layi ɗaya daga notin kulle zuwa jikin gaɓar, a kowane noti. Duk lokacin da ka leƙa ka ga layin ya rabu, noti ya motsa. Bayan kilomita 300 zuwa 500 a sake gwada dukkan boltoci da sifana, a dubi cikin bodi da jikin hannun ko akwai wurin da ya yi ƙyalli saboda guga, a dubi wayar ABS kada ta riƙa shafar taya. In ka daki babban rami har ka ji a haƙoranka, ka koma a auna, kada ka jira taya ta nuna. Tsohuwar tayar da ta riga ta cinye ta gefe ɗaya za ta ci gaba da ƙugi ko an gyara saiti. Wadda waya ta fito a jikinta a cire ta a ranar. Masu foliyuretan su sake giris bayan damina, masu ƙwallo kuma su riƙa duba hular robar duk lokacin juyen baƙin mai, in ta yage a canza kafin hunturu ya shigo.